Wa ke da ikon ba direba sammaci?

Da zarar jami'i ya miƙa wa direba takarda a bakin titi, sai ka ji ya ce "an ba ni sammaci". Ba haka abin yake ba. A Najeriya sammaci takardar kotu ce, alƙali ke bayar da ita, kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada. Ɗan sanda yana iya tsayar da kai, ya nemi lasisi da takardun mota, ya kama ka idan ka karya doka a gabansa, ya gurfanar da kai. Yana ma iya kawo maka sammacin har ƙofar gida, amma a nan ɗan aiken kotu ne kawai.

Takardar da jami'an FRSC, wato hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988, ke rubutawa sanarwar laifi ce. Ko dai ka biya tarar a asusun gwamnati, ba a tafin hannun kowa ba, ko ka ce ba ka amince ba, a tafi gaban alƙali. Galibin direbobi biya suke yi, don zaryar kotu ta fi tarar tsada. Wannan ne amfanin kotun tafi-da-gidanka: majistare na zaune a gefen hanya, a yi ta ta ƙare nan take.

Ikon cin tarar shi kansa ana ja-in-ja a kai. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukunci cewa jami'an duba lafiyar motoci (VIO) na Abuja ba su da hurumin ƙwace mota ko cin direba tara.