Kundin Digiri da Muryoyin Ƙasar Zuru: Ina Faifan Yake?

Masarautar Zuru, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba, taska ce ga mai nazarin harshe da al'ada. A nan Dakarkari suke da harshensu na C'lela, ga Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa. Ɗalibai na zuwa su ɗauki kiɗan bikin Uhola, su naɗi waƙoƙin 'yan golmo a gonar surukai, su zauna da dattawa ana ba su tarihi. Amma ranar miƙa kundi, takarda kaɗai ke isa laburare. Muryoyin suna nan cikin wayar ɗalibi har ranar da ta lalace ko aka sace ta.

Wannan asara ce babba, domin harsunan yankin masu karin sauti ne: hawa da saukar murya na sauya ma'ana. Duk ƙwarewar mai rubutu, alamar da ya ɗora kan wasali fahimtarsa ce kawai; sai an ji maganar za a tabbatar ko a gyara. Rawa kuwa, ai gani ya kori ji. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya duba kundin, da me zai auna gaskiyar abin da bai ji ba, bai gani ba?

An riga an nuna hanya a ƙasar Zuru. Stuart McGill, wanda ya kammala digirin digirgir a makarantar SOAS ta Landan a 2009 kan Cicipu, harshen Acifawa, ya ajiye sautuka da bidiyon da ya ɗauka a rumbun ELAR na harsunan da ke fuskantar ɓacewa. Rumbun ya koma Berlin a 2021, kuma mai bincike na iya sauraron su ta intanet.

Liƙa faifan CD a bangon kundi bai wadatar ba, don yana ƙarcewa, kuma kwamfutocin yanzu da yawa ba su da wurin saka shi. Turawa ta WhatsApp na rage ingancin hoto da sauti. Abin da ya dace shi ne jami'a ta karɓi ainihin fayil, tare da bayanin wanda ya yi magana, da gari, da kwanan wata, da rubutaccen abin da aka faɗa, kuma kowane misali a kundin ya nuna mintin da za a same shi. A nemi yardar masu muryar, a rufe abin da al'ada ta hana kowa gani, a mayar musu da kwafinsu.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona da aka kafa a Zuru a 2020, suna iya mayar da wannan tsari ya zama sharaɗin karɓar kundi. Dattawan da suka san waƙoƙin nan suna ƙarewa, bai kamata a jira ba.