Kukan Mai Jego Ba Gazawa Ba Ne: Darasi Daga Shirin Bluey

'Yar'uwa mai juna biyu, wataƙila kin taɓa ganin yara sun kewaye talabijin suna dariya a kan Bluey. Katun ne na barkwanci wanda Joe Brumm ya ƙirƙiro, aka fara nuna shi a ƙasar Ostareliya a shekarar 2018. Labarin wasu karnuka ne masu rayuwa irin ta mutane: uba Bandit, uwa Chilli, da 'ya'yansu mata biyu, Bluey da Bingo. Don yara aka yi shi, amma akwai wani kashi da aka nuna a 2020 wanda ya shafe ki.

A wannan kashi, Chilli tana ba 'ya'yanta labarin haihuwarta ta fari. Bluey ta iya juyawa da wuri, uwar ta yi ta alfahari. Sai ga Judo, 'yar maƙwabciyarta, ta riga Bluey zama da rarrafe da tafiya. Ita kuwa Bluey sai jan gindi da rarrafe da baya, abin dariya ga mai kallo. Amma Chilli ba ta ga abin dariya ba. Ta yi ta zarya wurin likita, yana cewa yarinya lafiyarta ƙalau. Daga ƙarshe ta daina zuwa taron iyaye mata, tana ganin ita ce ta kasa.

Bella, mai 'ya'ya 9, ta lura ba a ganinta, sai ta biyo ta har gida. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta zauna kusa da ita, ta tabbatar mata cewa renonta yana kyau. Nan take hawaye suka zubo wa Chilli. Daga baya Bluey ta taka da ƙafarta, a lokacinta.

To, me za ki ɗauka a nan? Na farko, kowane yaro da lokacinsa. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna lafiyayyun yara kan fara tafiya tsakanin wata 8 da wata 18. Kada ki auna ɗanki da na maƙwabta. In kina shakka, kawo shi a duba.

Na biyu, damuwa ba abin kunya ba ce. Hukumar ta ce kusan mace 1 cikin 5 kan gamu da matsalar damuwa ko fargaba lokacin goyon ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa. Saurin kuka a kwanakin farko na jego yakan wuce cikin mako 2. In ya zarce haka, ko kin daina jin daɗin komai, ko barci ya gagara ko da jariri ya yi barci, ki gaya wa ungozoma ko likita. Akwai magani. In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, a garzayo asibiti ba tare da jira ba.

Maigida, da ku iyaye da surukai, ku yi koyi da Bella. Kara da kunya kan hana mai haihuwar fari faɗin abin da ke ranta. Bayan kunun kanwa da ruwan wanka, ku tambaye ta yadda take ji, ku saurara, ku karɓi jaririn ta ɗan runtsa, ku yaba ƙoƙarinta.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa.