Yadda Za Ka Gaya wa Ma'aikacinka Aiki

'Yan'uwa manoma, ga shi damina ta kankama, lokacin zuba taki ya yi. Yau muna so mu yi magana a kan yadda mai gona zai gaya wa 'yan ƙwadago abin da yake so, domin sau da yawa a nan ne hasara take farawa.

Mai gona yakan miƙa wa ma'aikata buhu ya ce, "Ku zuba kaɗan-kaɗan," sa'an nan ya tafi kasuwa. To, kaɗan ɗin nan nawa ne? Hannun wani ya fi na wani girma. Ga shi kuwa taki iri-iri ne. A cikin kilo 100 na yuriya akwai kilo 46 na nitrojin, watau abincin da ke sa ganye ya yi kore, amma NPK 15-15-15 kilo 15 kaɗai gare shi. Ashe yuriya ta ninka shi sau uku. Wanda ba a gaya wa wannan ba zai zuba ta a gindin masara ya ƙone ta. In kuwa ya watsa ta bisa ƙasa bai rufe ba, wani kashi nata sai ya bi iska, kuɗinka ya tafi a banza.

Saboda haka ka riƙe abu uku. Na fari, faɗi magana da awo. Ka ba shi murfin kwalbar lemo, ka gaya masa murfi nawa za a sa wa kowace shuka, a haƙa rami nesa da gindi kamar faɗin yatsa uku, a rufe. Haka nan ran shuka, in kana son santimita 25 tsakanin rami da rami, ka yanke kara daidai tsawon nan ka ba kowa.

Na biyu, ka yi kunya ɗaya da hannunka suna kallo. Gani ya kori ji.

Na uku, ka sa ɗayansu ya maimaita abin da ka ce. "To" ba shaida ce ta fahimta ba, gama yaro yakan ce to don kunya ko don tsoron faɗa. In ya yi tambaya kada ka tsawata masa.

'Yan kasuwa da akawuna, wannan ya shafe ku. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Kafin a gama ciniki a nuna mudun da za a auna da shi, a faɗi ranar biya, akawu ya rubuta ya karanta wa kowa ya ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.