Tsibirin Manoka: Amanar Ƙasar Bakin Teku

Jama'a, da yawa daga cikinmu mazauna Briketeri muna sayen bandar kifi a kasuwar Mokolo ba tare da mun tambayi itacen da aka yi bandarsa da shi ba. Wani ɓangare na kifin nan daga bakin teku yake zuwa, daga wurare irin su Mouanko da tsibirin Manoka, wanda ke bakin kogin Wouri, kuma shi ne tsibiri mafi girma a Kamaru.

A can akwai wani itace da mutanen Duwala ke kira matanda, mai tsirowa cikin ruwan gishiri. Saiwoyinsa su ke riƙe ƙasar tsibiri kada igiyar ruwa ta zaizaye ta, kuma a ƙarƙashinsu kifi da jatan lande ke hayayyafa. To amma shi ne kuma makamashin masu banda. Idan aka sare shi, ƙasa ta tafi, kifi ya yi ƙaura. A Cap Cameroun, kusa da Manoka, teku ya riga ya cinye gidaje.

Ƙoƙarin kare yankin ya daɗe. A 1932, zamanin Faransawa, aka keɓe gandun dajin Duwala-Edeya. A 2018 gwamnati ta mayar da shi babban gandun ƙasa mai faɗin hekta fiye da 260,000, har da wani yanki na teku, inda ayu da kunkurun teku ke samun mafaka.

A Amurka da Ingila, ƙungiyoyin amana kan tara kuɗi su sayi fili a tsibiri don hana gini a kansa. A nan ba haka abin yake ba, domin dokar ƙasa ta 1974 ta sanya gaɓar teku cikin dukiyar jama'a wadda ba a sayarwa. Saboda haka ƙungiyoyinmu suka bi ta hannun mazauna. Dokar daji ta 1994 ta ba ƙauyuka damar riƙe dajin al'umma har hekta 5,000. Ƙungiyar CWCS a Mouanko ta koya wa mata gina murhun banda mai cin itace kaɗan. Ita kuwa Cécile Ndjebet, ta ƙungiyar Cameroon Ecology, aikin dashen itatuwa tare da mata ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta a 2022.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. Kakanninmu sun san hurumi da burtali da wakafi, wato ƙasar da kowa ke amfana da ita, ba mai ikon cinye ta. 'Yan'uwanmu fataken kifi suna da bakin magana: su riƙa fifita kifin da aka yi bandarsa a sabon murhu. Ranar da matanda ya ƙare, tsadar kifi a Mokolo ce za ta fara sanar da mu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.