Shanun Dutsen Birnin Kudu da Zanen Mutanen Hamadar Ostireliya

Matafiyin da ya bar Kano ya kama hanyar Bauchi, idan ya isa Birnin Kudu zai ga tarin duwatsu a gefen gari. A ƙarƙashin wasunsu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen shanu da mutanen dā suka yi, galibi da jan launi. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya yi nazari a kansu cikin shekarun 1950, tare da duwatsun nan masu amo da ke kusa, waɗanda in an ƙwanƙwasa su da dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa.

Ga ɗalibin kimiyyar halittu, abin lura shi ne bayan waɗannan shanu. Da yawansu ba su da tozo. To, Bunaji da Rahaji da Bokoloji da suka cika kasuwanninmu duk masu tozo ne, kuma asalin irinsu daga yankin Indiya yake. Shanun da aka fara kiwo a Afirka marasa tozo ne. Har yanzu akwai ragowarsu: Kuri masu manyan ƙahoni a bakin Tafkin Chadi, da Muturu gajeru a kudancin Nijeriya, waɗanda ke jure cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wato dai dutsen ya adana shaidar cewa garken ƙasar Hausa ya sauya kama. Sai dai iyakar abin da ido zai iya karantawa ke nan. Me ya sa aka zana su a wannan wuri, wace waƙa ko al'ada ce ke tare da su, wannan ya tafi tare da masu zanen.

A hamadar tsakiyar Ostireliya lamarin ya sha bamban, domin jikokin masu zane suna nan da ransu da harshensu. Mutanen asalin ƙasar sun daɗe suna zane a kan rairayi da duwatsu da jikinsu yayin bukukuwa. A 1971, a ƙauyen Papunya, wani malamin makaranta mai suna Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa suka zana labarin tururuwar zuma a bangon makaranta. Daga nan suka koma zane da fenti a kan allo da ƙyalle, kuma a 1972 suka kafa kamfaninsu na Papunya Tula.

Baƙo zai ɗauka ɗige-ɗige ne kawai na ado, alhali taswira ce ta ƙasa kamar an hango ta daga sama. Da'ira cikin da'ira tana nufin mashaya ko zango, layin da ya haɗa su hanyar da kakanni suka bi, alama mai kama da kofaton doki kuwa mutum ne a zaune. A ƙasar da rashin sanin inda ruwa yake kan jawo mutuwa, irin wannan ilmi ba abin wasa ba ne. Ba kowa ke da izinin zana kowane labari ba. Gado ne na dangi. Da zanen farko suka fita kasuwa aka yi ƙorafin an tona asirin wurare masu tsarki, sai masu zane suka riƙa barin wasu alamomi, suna lulluɓe wasu da ɗigo.

A 1997 mutanen Ngurrara suka zana ƙyalle guda mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, kowa ya zana yankinsa da mashayarsa. Suka shimfiɗa shi gaban hukumar da ke duba haƙƙin mallakar ƙasa, kowane dattijo ya tsaya a kan nasa ɓangaren yana bayani. A 2007 kotun tarayya ta amince da haƙƙinsu a kan ƙasar.