Likita da Iyalinsa: Bayani Kan Rubuta wa Dangi Magani

Gabatarwa

A ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, gidan da Allah Ya ba shi likita yakan zama abin alfahari ga unguwa baki ɗaya. Da zarar likitan ya zo gida hutun Sallah ko na ƙarshen mako, sai dangi da surukai da maƙwabta su riƙa shigowa, kowa da kokensa: wannan ciwon kai, wancan ciwon ciki, wata kuma tarin yaronta. Idan yana wurin aiki a Dutse ko Kano, ta waya za a bi shi, a ce ya turo sunan magani a je kemis a saya. Wannan al'amari bai tsaya kan likitoci kaɗai ba, domin a ƙauyukanmu nas da ungozoma da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti duk "likita" ake ce musu, kuma irin wannan buƙata ake kai musu.

Manufar wannan bayani ita ce a fahimtar da jama'a dalilin da ya sa ƙa'idojin aikin likita suka ja kunnen likita game da yi wa iyalinsa magani, da wuraren da aka yi masa sassauci, da kuma hanyar da ta fi dacewa ya taimaki nasa.

Abin da ƙa'idojin aiki suka tanada

A Nijeriya, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa, wato MDCN, ita ce ke yi wa likitoci rajista, ita ce kuma ke fitar da kundin ladubban aikinsu. Kundin ya shawarci likita da ya guji yi wa kansa magani, sannan idan ciwo mai tsanani ya sami wani daga cikin iyalinsa, ya miƙa shi ga abokin aiki wanda zai duba shi da natsuwa.

Wannan shawara tsohuwa ce. Tun a shekarar 1803 wani likita ɗan ƙasar Ingila mai suna Thomas Percival ya yi bayani a littafinsa na ladubban likitanci cewa damuwar da likita ke shiga idan matarsa ko ɗansa ba su da lafiya tana iya gurɓata hukuncinsa. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ɗauki wannan ra'ayi a kundinta na farko a shekarar 1847, kuma har yanzu matsayinta shi ne likita ya guji duba kansa ko iyalinsa, in ban da a halin gaggawa, ko a wurin da babu wani likita, ko kuma ƙaramin ciwo na ɗan lokaci. Haka ma hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya ta umarci likitocinta su kauce wa duba duk wanda suke da kusanci da shi matuƙar da hali, idan kuwa ya zama dole, to su rubuta abin da suka yi dalla-dalla.

Duk da haka al'adar tana da ƙarfi a ko'ina. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 1991, wanda ya ji ta bakin likitoci 465, ya nuna cewa kashi 99 cikin ɗari dangi sun taɓa neman shawara ko magani a wurinsu, kashi 83 sun taɓa rubuta wa dangi magani, kashi 22 kuma sun amsa cewa sun taɓa biya wa ɗan'uwa wata buƙata alhali ransu bai kwanta da ita ba. Ashe ke nan matsin lambar zumunci ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba.

Me ya sa aka ja kunnen likita?

Ilimin likita ba ya raguwa don ya shigo gidansu. Abin da ke raguwa shi ne damar yin aikin yadda aka koya masa. Kafin a rubuta magani akwai matakai: a yi tambayoyi, a duba jiki, a yi gwaji idan da buƙata, a rubuta a kati, sannan a bibiyi majinyaci. Kusanci yakan taɓa kowane ɗaya daga cikinsu.

Na farko shi ne kunya. Bahaushe ya san alkunyar da ke tsakanin suruki da surukarsa, da uwa da ɗanta na fari, da wa da ƙanwarsa. Likita ba zai iya buɗe baki ya tambayi surukarsa batun jinin al'ada ko na fitsari ba, ita ma ba za ta faɗa masa ba. Budurwa ba za ta gaya wa kawunta abin da za ta gaya wa likitar da ba ta sani ba. Saurayin da ke shan ƙwaya ba zai bayyana wa yayansa ba. Alhali kuwa sau da yawa amsar tambayar da aka ji nauyin yi ita ce mabuɗin gane ciwon.

Na biyu shi ne rashin duba jiki. A zaure ko a tsakar gida babu gadon awo, babu ɗakin gwaji. Ta waya kuwa abin ya fi muni, domin likita bai ga idon majinyaci ba, bai taɓa cikinsa ba, bai auna jininsa ba.

Na uku shi ne zuciya. Mai ƙaunar mutum ba ya son ya yi masa mummunan zato, saboda haka yakan karkata ga ciwo mafi sauƙi, ya ce gajiya ce ko sanyi ne. Wani kuma firgita yake yi, ya jibga magunguna fiye da kima. Duka biyun suna da illa.

Na huɗu shi ne girma. Likitan da ke tsawata wa majinyaci a asibiti, a gida ɗa ne ko ƙane. Idan mahaifinsa ya ce shi allura yake so ko ƙarin ruwa, da wuya ya iya musa masa. A ɗaya ɓangaren, matar likita ko 'yarsa na iya jin nauyin cewa maganin bai yi musu ba, ko kuma suna son ganin wani likitan.

Na biyar shi ne rashin rubutu. Maganin da aka faɗa da baki ba ya shiga katin asibiti. Idan daga baya aka kai majinyaci Babban Asibitin Gumel, likitan da ya karɓe shi ba zai san abin da aka riga aka sha ba. Wannan yana da haɗari musamman ga masu hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki ko ciwon ƙoda, da mata masu juna biyu, da waɗanda jikinsu ba ya karɓar wasu magunguna irin su fenisilin. Wasu magungunan ciwon jiki da ake ɗauka ba komai ba ne suna iya tayar da gyambon ciki ko su raunana ƙoda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa cibiyoyin lafiya ajiye bayanan majinyata da kuma rufa musu asiri. A cikin gida kuwa, inda kowa ke tambayar likita abin da ke damun wane, riƙe sirri abu ne mai wuya.

Darasi daga annobar sanƙarau

Al'ummar wannan yanki ba su manta da annobar sanƙarau ta shekarar 2023 ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa daga watan Oktoba na 2022 zuwa tsakiyar Afrilu na 2023 an sami mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, 124 suka rasu. Daga cikin waɗanda ake zaton sun kamu, 1,252 a Jihar Jigawa suke, kuma Maigatari da Sule Tankarkar su ne ƙananan hukumomin da cutar ta fi tsananta. A daidai lokacin ana fama da ita a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wadda muke iyaka da ita.

Abin lura a nan shi ne, sanƙarau yakan fara ne da zazzaɓi da ciwon kai da amai, alamomin da kowa ke dangantawa da zazzaɓin cizon sauro. Idan aka buga wa ɗan'uwa likita waya aka ce yaro na zazzaɓi, shi kuma ya ce a ba shi maganin cizon sauro a ga yadda zai kwana, mai yiwuwa an yi asarar sa'o'in da za a ceci ransa, domin sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma yana iya rasa ji. Sandarewar wuya, da kumburin maɗiga ga jariri, da ruɗewa, sai wanda ya ga majinyaci da idonsa ya taɓa shi da hannunsa zai tantance su. Ko zazzaɓin cizon sauron kansa, tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwajin jini kafin a ba da magani, kuma gwajin gaggawa ba ya wuce 'yan mintoci.

Magunguna biyu masu buƙatar taka-tsantsan

Kashi na farko su ne magunguna masu bugarwa da sa maye, irin su taramol, kodin da magungunan barci. Rahoton shekarar 2018 na binciken shan ƙwaya a Nijeriya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi, kimanin miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su taramol suka sha ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayu na wannan shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda ya kamu da jarabar ƙwaya yakan fara neman ta wurin wanda zai ji nauyinsa, shi ya sa bai kamata likita ya rubuta wa na gida irin waɗannan magunguna ba.

Kashi na biyu su ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda jama'a suka fi sani da kafso. Shan su barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su saba da su har su daina jin magani. Wani babban bincike da aka buga a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa wannan matsala ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Bugu da ƙari, takardar da likita ya rubuta wa mutum ɗaya takan zaga gida, a ajiye ta a riƙa maimaitawa, har a aika da ita a sayo magani ranar Alhamis a kasuwar Maigatari domin wani mai ciwo dabam.

Wuraren da aka yi sassauci

Ƙa'idar ba ta ce likita ya naɗe hannu yana kallon nasa cikin wahala ba. Ranar naka sai naka. A halin gaggawa, kamar haɗarin mota, saran maciji, zubar jini bayan haihuwa, shaƙewa ko jijjigar yaro, wajibi ne ya ba da agajin farko har a isa asibiti. Haka nan a ƙauye mai nisa, musamman da damina ko da tsakar dare, inda babu wani ma'aikacin lafiya a kusa, zai iya yin abin da ya sawwaƙa. Ƙananan abubuwa kamar mura, ɗan rauni ko ba yaro ruwan gishiri da sukari su ma babu laifi. Sharaɗin shi ne ya rubuta abin da ya bayar da adadinsa da lokacinsa, ya miƙa wa likitan da zai ci gaba da kulawa, sannan ya janye.

Hanyar da ta fi dacewa likita ya taimaki nasa

Amfanin likita ga danginsa ya fi rubuta sunan magani nesa ba kusa ba. Shi ne zai gane cewa wannan ciwo ba na jira ba ne, ya ce a tafi asibiti yanzu. Shi ne ya san lokacin da ƙaramin asibitin mazaɓa ya isa, da lokacin da ya kamata a wuce Babban Asibitin Gumel, ko Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zai iya haɗa majinyaci da abokin aikinsa da ya amince da shi, ya raka shi, ya fassara masa sakamakon gwaji da Hausa, ya tabbatar ana shan magani a kan lokaci, ya kuma tunatar da iyaye allurar rigakafin yara da awon ciki.

Har ila yau akwai batun zumuncin kansa. Rai da ajali na Allah ne, amma idan majinyaci ya rasu a hannun ɗan'uwansa, zargi da zato sukan shiga tsakani, musamman a gidan da ke da 'yan uba. Shi kuma likitan yakan daɗe yana tuhumar kansa. Miƙa majinyaci ga wani likita yana kare gida daga wannan fitina.

Kira ga jama'a

Ana kira ga iyaye da dangi su fahimci cewa idan ɗansu likita ya ce a je asibiti, ba girman kai ba ne kuma ba rowa ba ce, ƙa'idar aikinsa yake bi domin kare lafiyarsu. Kada a matsa masa ya faɗi magani ta waya. Kada a yi amfani da takardar maganin wani, ko ragowar maganin wani. Idan an je asibiti a faɗa wa likita gaskiyar duk abin da aka sha, na Bature ne ko na gargajiya, a kuma adana kati. A sayi magani a wurin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Su kuma likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, an ce wanzami ba ya son jarfa, to amma ya kamata kowannensu ya sami likitan da zai riƙa duba shi da iyalinsa, kamar yadda shi ma yake duba iyalan wasu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa ma'aikatan lafiyarmu basira da haƙuri, amin.