Gadon Hali Da Girma A Wajen Shanu

Kowa ya shiga karar Jibiya ran Lahadi zai ga shanu iri iri da aka koro daga wajen Maraɗi ta Ɗan Isa. Ga Rahaji ja mai dogon ƙaho, ga Azawak, ga Bokolo mai gajeren ƙaho, ga kuma farin Bunaji namu na gida. Yawancin masu saye tozo da ƙiba kaɗai su ke dubawa. To, wanda zai sayi bijimin barbara lalle ya duba hali kuma.

Dalili kuwa shi ne, jikin saniya yana da waɗansu ƙananan zaruruwa guda 60 a cikin kowace ƙwayar halitta, su ne ke ɗauke da gado. Maraƙi yana samun 30 daga uba, 30 daga uwa. Amma saniya ɗa guda ta ke haifa a shekara, bijimi kuwa ya kan hau shanu da yawa. Watau mugun bijimi guda ya isa ya ɓata garke duka.

Girman jiki yana bin jini ƙwarai. Hali ma yana bi, ko da ya ke bai kai girma ba, domin rabonsa yana hannun mai kiwo. Rahaji dogo ne mai jure tafiya, amma yana da tsoro da saurin firgita, da wuya ya karɓi karkiya. Bokolo da Azawak masu sanyin hali ne. Bunaji kuwa shi manoma suka fi sa wa garma. An kuma gane cewa sa mai firgita ba ya saurin yin ƙiba kamar mai natsuwa, ko da abincinsu ɗaya ne.

Saboda haka in za ku saya, kada ku tsaya ga maganar dillali. Ku sa a kama san, a shafa shi, a sake shi, ku ga yadda zai tafi. Wanda ya zabura da gudu ko ya kai tunkuyi, ku bar wa mahauta. Kada a haɗa ƙaton bijimi da ƙaramar karsana, haihuwa za ta yi mata wuya. Kada kuma a bar bijimi ya hau 'ya'yansa, gwamma a sake shi da wani.

Amma fa gado ba ya cika sai da ci. Maraƙin da ya rasa harawa da dusa da kanwa da rani ba zai kai girman ubansa ba.